Shin sharar kwakwar manja za ta iya cire dalma da kuromiyam daga dagwalon masana'anta?

Tambaya: Ina kula da sashen ruwa a wata ƙaramar masana'anta. Ruwan da muke zubarwa yana ɗauke da dalma da tagulla da ɗan kuromiyam. Na ji ana cewa kwanson kwakwar manja da tuƙarta suna kama irin waɗannan ƙarafa. Gaskiya ne? In haka ne, yaya ake haɗa abin, kuma nawa ake bukata?

Amsa: Gaskiya ne, Malam, suna kamawa. Sai dai a ƙarshen layi ake sa su, ba a farkonsa ba. Amfaninsu shi ne su tsince ragowar ƙarfen da ya saura a ruwa bayan an kwantar da mafi yawansa ta wata hanya. Wanda ya tura musu ɗanyen dagwalo mai ɗaruruwan miligiram na ƙarfe a kowace lita, cikin sa'o'i kaɗan za su ƙoshi, ruwan ya ci gaba da wucewa da gubarsa. Ka riƙe wannan, don duk lissafin da zai biyo baya a kansa ya tsaya.

Kayan suna da yawa ƙwarai. A duk tan ɗaya na nonon kwakwa da ya shiga injin matsa, man da ke fita bai wuce kilo 200 da ɗan wani abu ba. Nonon da aka zazzage 'ya'yansa yakan kai kilo 220 zuwa 230, tuƙar da ke saura bayan matsa kilo 120 zuwa 150, kwanson ƙwallo kuma kilo 55 zuwa 70. Indonesiya da Malesiya, waɗanda ke samar da fiye da kashi 80 cikin 100 na manjan duniya, suna tara miliyoyin tan na wannan shara kowace shekara, shi ya sa yawancin binciken da aka yi a kai daga can ya fito. To amma waɗannan ukun ba abu ɗaya ba ne. Zazzagaggen nono da tuƙa zare ne mai laushi, selulos, wato sinadarin da ke gina zaren tsiro, ya fi yawa a cikinsu, suna shan ruwa su kumbura, daga baya su ruɓe. Kwanso kuwa tauri gare shi, kusan rabinsa lignin ne, sinadarin da ke taurara itace, shi ya sa gawayinsa ba ya murmushewa ko ruwa ya daɗe yana bi ta kansa. In tankin tacewa za ka gina wanda ruwa zai riƙa ratsawa kullum, kwanso za ka nema. Zare ya fi dacewa da inda za a zuba shi a ruwa, a motsa, a tace, a kwashe.

Akwai kuma tokar da ke fita daga tukunyar injin. Ta fi kowa saurin rage ƙarfe a ruwa, amma ba kamawa take yi ba, za mu zo kanta.

Yadda kamun yake faruwa

Dalma da tagulla da kadmiyam da tutiya da nikel, in sun narke a ruwa, ƙwayoyinsu na ɗauke da cajin fozitif. A jikin zaren kwakwa da gawayinta akwai wasu gurabe masu iskar oksijin, mafi muhimmanci su ne rukunin kaboksil, waɗanda ke sakin ƙwayar haidurojin su zama masu cajin negatif. A nan ƙarfen ke maƙalewa. Wani ɓangaren kuma musanya ce: zaren ya saki fotasiyam da kalsiyam da ke jikinsa tun daga gona, ya karɓi dalma a madadinsu. Saboda haka yawan waɗannan gurabe shi ne ƙarfin kayan, ba yawan ƙananan ƙofofin da ke jikin gawayi kaɗai ba. Mutane da dama suna ruɗuwa a nan. Sai a kawo gawayi mai faɗin fili murabba'in mita 1,000 a kowane giram, a zaci dole ya fi kowa kama dalma, alhali zafin da aka ba shi ya ƙone yawancin guraben oksijin ɗin. Irin wannan gawayi gwani ne wajen cire launi da wari, amma sau da yawa gawayin da aka gasa a digiri 450 ko 500 na ma'aunin Salshiyos yakan fi shi kama ƙarfe. Lambar ayodin da masu sayar da gawayi ke nunawa ma ƙananan ƙofofi take aunawa, ba ta gaya maka komai a kan dalma.

Daga nan za ka gane dalilin da ya sa ma'aunin pH, wato ma'aunin tsamin ruwa (7 tsaka-tsaki, ƙasa da haka tsami, sama da haka kanwa), ke juya komai. In ruwan ya yi tsami ƙasa da pH 3, ƙwayoyin haidurojin sun cika ko'ina, su ne ke mamaye guraben, ƙarfe ba ya samun wuri. Tsakanin pH 4 da 5 guraben ke fara buɗewa. Daga 5 zuwa 6 nan ne kamun dalma da tagulla ya fi kyau. In ka haura 6 kuwa, tagulla ta fara kwantawa da kanta, dalma ta biyo ta, tutiya wajen 7 da ɗoriya, nikel da kadmiyam sai an wuce 8.

A nan ne kuskuren da ya fi yawa a wannan fanni yake, kuma har a rubuce-rubucen masana ana ganinsa. Gawayin zazzagaggen nono da toka suna da fotasiyam mai yawa, in ka zuba su a ruwa za su iya ɗaga pH zuwa 9 ko 10. Mutum ya saita ruwansa a pH 5, ya zuba gawayi, ya dawo ya auna ya ga kashi 99 na dalma ya tafi, ya yi murna. Da ya sake auna pH a ƙarshe, da ya ga ya haura 9, wato dalmar kwantawa ta yi ta zama farin gari, takardar tacewa ta tsare ta. Ba laifi ba ne ƙarfe ya kwanta, ai an cire shi daga ruwa. Illar ita ce in wankin ruwa ya cinye kanwar gawayin cikin kwana biyu ko uku, aikin sai ya tsaya cak, kuma ranar da ruwa mai tsami ya ratso, garin da ya taru ya sake narkewa ya fita gaba ɗaya. Don haka kullum a auna pH sau biyu, kafin a zuba da bayan an gama.

Kuromiyam ɗinka sai ka bincika wane iri ne. Kuromiyam-3, wanda majema ke amfani da shi, fozitif ne, halinsa kusan ɗaya da sauran. Kuromiyam-6, na masu shafa wa ƙarfe ruwan sheƙi, mai sa ruwa ya yi ɗorawa ko ruwan lemo, shi negatif ne, kuma ya fi guba nesa ba kusa ba, yana jawo ciwon daji. Gawayi ba ya kama shi sai a wajen pH 2, inda jikin gawayin ya koma fozitif, kuma a wannan tsamin yawancinsa juyewa yake yi ya koma kuromiyam-3, wani ya maƙale, wani ya koma cikin ruwa. Launin ɗorawa ya ɓace, mai aiki ya zaci an gama, alhali kuromiyam na nan. Shi ya sa ake auna jimillar kuromiyam, ba na shida kaɗai ba. Ba za ka iya kama dalma da kuromiyam-6 a tanki ɗaya a pH ɗaya ba. Shawararmu ita ce kada ma ka ɗora wa gawayi wannan aiki: ka ware ruwan kuromiyam-6 daban, ka sauke shi zuwa pH 2 ko 3, ka zuba sodiyam metabaisalfait kimanin giram 3 ga kowane giram na kuromiyam, a fili mai iska saboda hayaƙinsa na shaƙe mutum, har launin ya koma kore mai shuɗi-shuɗi, sannan ka haɗa shi da sauran.

Kafin ka zuba asid a kowane dagwalo, ka tabbatar babu sayanaid a ciki. Ruwan masu shafa ƙarfe yakan ɗauke shi, in ya haɗu da asid yana fitar da iskar da ke kashe mutum cikin mintoci. Sai an fara karya shi da bilic a pH 10.5 zuwa 11. Haka ruwan jima mai salfaid, asid na tayar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ita ma kisa take yi. Wannan ba abin wasa ba ne ko kaɗan.

Haɗa kayan

Zaren da aka kwaso daga injin ba a amfani da shi haka nan. Tuƙa na riƙe da ragowar mai, kusan kashi 5 cikin 100 na nauyinta, man nan yana lulluɓe guraben kamu, yana kuma hana zaren jiƙa. A wanke da ruwan zafi sau da yawa har ruwan wankin ya daina yin maiƙo da launin shayi, a shanya, a ƙarasa busarwa a digiri 80 zuwa 105, a niƙa, a tankaɗe. Daga nan a jiƙa shi a ruwan soda mai sauƙi, giram 4 na kostik soda a lita ɗaya ta ruwa, lita 10 zuwa 20 ga kowane kilo na zare, a bar shi sa'a biyu zuwa huɗu ana motsawa. Sodar na cire sauran mai da abubuwan da ke rina ruwa, tana kuma buɗe ƙarin guraben kaboksil. A ɗauraye har pH ya dawo kusa da 7. In aka tsallake wankin nan, za a cire ɗan ƙarfe amma a mayar da ruwan ja mai wari, an gudu ba a tsira ba.

Mai son ƙara wa zare ƙarfi zai iya dafa shi da asid ɗin sitirik, kuma wannan hanya ce da muke ganin ta cancanci wahalarta. A narkar da giram 115 a lita ɗaya, a jiƙa zaren har ya sha, a busar a digiri 50 zuwa 60 kwana ɗaya, sannan a ɗaga zafin zuwa digiri 120 na minti 90. A wannan zafin ne asid ɗin ke ɗaurewa a jikin selulos, kowace ƙwaya ta zo da sababbin guraben kaboksil. In zafin bai kai ba, ɗaurin ba zai yiwu ba, wanki zai tafi da asid ɗin. In ya zarce sosai, guraben su ɗaure da junansu, kamun ya ragu, zaren ya yi baƙi. Bayan an gama a wanke sosai, domin sitirik ɗin da bai ɗauru ba yana riƙe ƙarfe a cikin ruwa ya hana shi maƙalewa, wato akasin abin da ake nema.

Kwanso kuma gawayi ake yi da shi. A wanke ƙasa da ragowar ƙwallo, a busar, a farfasa, a tankaɗe a ɗauki masu girman milimita 1 zuwa 2. Hanya mafi sauƙi ita ce gasawa a rufaffiyar tukunyar ƙarfe mai ɗan bututun fitar hayaƙi, digiri 450 zuwa 550, sa'a ɗaya zuwa biyu bayan zafin ya kai. Kilo 100 na busasshen kwanso zai ba da wajen kilo 30 zuwa 35. Kada a buɗe tukunyar sai ta huce sarai, in iska ta shiga da zafinsa zai kama wuta ya zama toka. Hayaƙin kuma yana da iskar kabon monoksaid, a fili ake wannan aiki.

Don buɗe masa ƙofofi, asid ɗin fosforik shi ne zaɓin da ya fi dacewa da kama ƙarfe. A haɗa ɗanyen kwanso da asid ɗin nauyi da nauyi, kilo ɗaya ga kilo ɗaya, a ƙara ruwa daidai yadda zai rufe, a bar shi ya kwana, a busar a digiri 110, a gasa a digiri 450 zuwa 500 na sa'a ɗaya ko biyu ba tare da iska ba, sannan a yi ta wanki da ruwan zafi har ruwan ya kai pH 6. Wankin nan yana cin ruwa da lokaci, kuma a nan masu gaggawa ke faɗuwa: gawayin da bai wanku ba yana tsamar da ruwan da aka kawo masa, kamu ya lalace. Fa'idar wannan hanya ita ce zafinta bai kai ya ƙone guraben oksijin ba, kuma tana barin guraben fosfet waɗanda dalma ke so ƙwarai. Ana kuma buɗe ƙofofi da tururi a digiri 800 zuwa 900, ko da sinadarin fotash a 700 zuwa 800, amma waɗannan aikin babbar tanda ne. Sinadarin tutiya da wasu ke amfani da shi kuwa, a guje shi a nan, babu hikima a wanke ruwa daga ƙarfe da gawayin da zai iya sakin wani ƙarfen. Tufafin kariya, safar hannu ta roba da gilashin ido dole ne, kuma asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba.

In akwai gubar asanik a ruwan, sai an shafa wa gawayin sinadarin baƙin ƙarfe. Zaiba kuma gawayi mai farar wuta take so.

Gwaji kafin gini

Kada ka ɗauki adadin da ka gani a takardar bincike ka gina tanki a kansa. Yawancinsu da ruwa mai tsabta aka yi su, ƙarfe ɗaya tak a ciki, da garin gawayi mai laushi. Abin da ake samu yakan kama daga 'yan miligiram zuwa gomomin miligiram na ƙarfe a kowane giram, gwargwadon yadda aka sarrafa kayan. Ruwanka kuwa yana da gishiri da kalsiyam da magnesiyam da mai da sabulu, duk suna cin rabonsu. Da ruwanka za ka gwada.

Ka ɗauki kwalabe shida, kowace da mililita 100 na ruwan, a saita pH 5.5. Ka zuba giram 0.1, 0.2, 0.5, 1 da 2 na kayan a biyar daga ciki, ta shida ka bar ta babu komai. Ka ƙara ta bakwai mai ruwa mai tsabta da giram 1 na kayan, don ka ga abin da su kansu ke saki. A girgiza sa'a biyu zuwa uku in gari ne, kwana ɗaya in tsaki-tsaki ne, don ƙarfen na ɗaukar lokaci kafin ya kutsa cikin ƙwaya. A auna pH na ƙarshe, a tace da matata mai ƙofar maikuron 0.45, a ɗiga asid ɗin naitirik har ƙasa da pH 2 don kada ƙarfen ya manne a jikin kwalba, a kai ɗakin gwaje-gwaje mai na'urar auna ƙarafa. Samfurin kuromiyam-6 kaɗai ba a sa masa asid, kuma a gaggauta auna shi. Kwalbar da babu komai, ka ɗaga pH ɗinta zuwa inda sauran suka ƙare, duk abin da ya ragu a cikinta kwantawa ce, sai ka cire shi daga lissafi.

Lissafin kansa mai sauƙi ne. A ce ruwan ya fara da miligiram 50 a lita, bayan giram 1 ya saura 5. An cire 45 a lita, a mililita 100 kuwa miligiram 4.5 ke nan, wato kowane giram ya kama miligiram 4.5. Mai talla zai ce maka kashi 90 cikin 100. Adadin kashi ba ya nufin komai in ba a faɗi yawan kayan da aka zuba ba, ko yashi ka zuba da yawa zai rage wani abu. Miligiram a kowane giram shi ne abin tambaya, kuma a daidai ƙarancin ƙarfen da ruwanka ke da shi, domin kayan da ke kama miligiram 40 a ruwa mai kauri ƙila 5 kawai za su kama a ruwa mai miligiram 5 a lita.

Tsarin layin da girman tanki

Farko a raba mai da tarkace. Sai a karya sayanaid in akwai, a juya kuromiyam-6. Sai tankin kwantarwa, inda ake ɗaga pH zuwa 8.5 ko 9.5 da laim (farar ƙasa) ko soda, a motsa, a bar laka ta kwanta. Kada a wuce 10.5, dalma da tutiya da kuromiyam suna sake narkewa in kanwa ta yi yawa. Laim ya fi araha amma yana tara laka, yana kuma cika ruwan da kalsiyam wanda zai yi gogayya da ƙarfe a jikin gawayi, soda ba ta da wannan matsalar. Daga nan ruwan ya bi ta matatar yashi. Bayan yashi ne ake sauke pH zuwa wajen 6, ba kafinsa ba, in ba haka ba ƙananan ɓurɓushin lakar da suka tsere za su narke su koma ruwa. Sannan gawayi.

Mu ɗauki misali: lita 10,000 a rana, cikin sa'a takwas, da ragowar dalma miligiram 5 a lita. Giram 50 ke nan na dalma kullum. In gwajinka ya nuna gawayin na kama miligiram 5 a giram, kana cin kilo 10 a rana. Ruwan na tafiya lita 1,250 a sa'a, wato kusan lita 21 a minti. Ana so ruwa ya daɗe minti 15 zuwa 30 a cikin gawayi, in ka ɗauki minti 20 kana bukatar lita 420 na gawayi, kimanin kilo 210 tunda lita ɗaya na kusan rabin kilo. Wannan zai kai ka wajen mako uku. Duron roba mai cin lita 200 faɗin bakinsa ya kusa santimita 57, ruwa zai ratsa shi da gudun mita 5 a sa'a, daidai ne. Uku a jere sun isa, kowane a cika shi kashi biyu bisa uku, a bar sama don gawayin ya samu wurin tashi lokacin wankin baya, wato in an turo ruwa daga ƙasa zuwa sama don wanke shi. Duron ƙarfe ba ya yi, tsatsa za ta cinye shi. Yanzu ka sake lissafin da ɗanyen ruwa mai miligiram 200 a lita: kilo 400 na gawayi a rana, in kamun ya tsaya a miligiram 5 a giram. Ka ga dalilin da ya sa muka ce a ƙarshen layi ake sa shi.

A ƙasan kowane duro a shimfiɗa tsakuwa santimita 10 da raga a kanta, a sama a sa faranti mai huji-huji don ruwa ya bazu. A jiƙa gawayin kwana ɗaya kafin a zuba, a zuba shi cikin ruwa ba a busasshen duro ba. Iskar da ta maƙale a tsakani tana sa ruwa ya haƙa wa kansa hanya ɗaya ya bi, sauran gawayin na zaune bai taɓa komai ba, sai ka ga ƙarfe ya ɓullo a kwana uku maimakon mako uku. Saboda wannan dalili kada a bar duron ya tsane, a ɗaga bututun fita sama da saman gawayin. Gari mai laushi kuma toshewa yake yi, a wanke shi ya fita tun farko. Ruwan farko da ya fito a mayar da shi baya har pH ya daidaita. Jiƙaƙƙen gawayi na shanye iskar numfashi a rufaffen wuri, kada kowa ya shiga babban tanki ba tare da an busa iska an auna ba.

A sa famfon ɗibar samfuri tsakanin kowane duro da na gaba. In na farko ya ƙoshi, a cire shi, na biyu ya zama na farko, sabo ya shiga ƙarshe. Haka ake cinye ƙarfin gawayin duka ba tare da ƙarfe ya tsere ba.

Ga wani abu da ke ba masu aiki mamaki a ruwa mai ƙarafa da yawa irin naka. Guraben kamu kamar kujerun mota ne, sun ƙidayu, kuma mai ƙarfi na tayar da mara ƙarfi. Dalma ta fi kowa riƙo, tagulla na biye, kadmiyam da tutiya da nikel a baya. Da farko duk suna samun wuri. In gurabe suka fara cika, dalmar da ke shigowa sai ta ture nikel da tutiyar da suka riga suka zauna, har ka auna ruwan fita ka tarar da nikel ya fi na ruwan shiga yawa. Saboda haka ba dalma ake sa wa ido don sanin lokacin canji ba, mafi raunin riƙo ake bi. In kuma ana amfani da sinadarin EDTA ko amoniya a masana'antar, suna rungume tagulla da nikel su hana su kwantawa su hana su maƙalewa, dole a ware wannan ruwan a yi masa magani daban.

Game da inda za a tsaya, hukumar muhalli ta kowace ƙasa ce ke sa iyakar ruwan da masana'anta za ta zubar, ita za ka bi. Don ka ga ƙanƙantar abin da jiki ke ɗauka, ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na ruwan sha shi ne miligiram 0.01 a lita ga dalma, 0.003 ga kadmiyam, 0.05 ga kuromiyam, 0.07 ga nikel, 2 ga tagulla. Ruwan da ya fito daga durukan nan ba na sha ba ne, ba na ban ruwan lambu ba ne, sai gwaji ya tabbatar. Ruwa na iya yin garau kamar hawaye yana ɗauke da dalma ninki ɗari na iyaka, ido ba ya gani.

Gawayin da ya ƙoshi

Ƙarfe ba ya ruɓewa, ba ya ƙonewa ya ɓace. Abin da ka yi shi ne ka tattara dalmar lita dubu ɗari biyu cikin kilo 210 na gawayi, wanda yanzu ya zama shara mai guba. Ana iya wanke shi a sake amfani da shi: asid ɗin naitirik mai sauƙi, kimanin mililita 6.5 na mai ƙarfin a lita ɗaya ta ruwa, a ratsa shi a hankali ninki uku zuwa biyar na girman gawayin, a ɗauraye, a bi da ruwan soda kaɗan don guraben su sake buɗewa. Kada a yi amfani da asid ɗin batir in akwai dalma, suna haɗuwa su zama farin gari mara narkewa ya toshe ƙofofi. Ruwan wankin mai kauri a mayar da shi tankin kwantarwa. Kowane zagaye ƙarfin kamu na raguwa, gawayin kwanso na jure zagaye da dama, zare kuwa asid na cinye shi da wuri.

In ya gama aiki, kada a ƙone shi a fili ko a murhu, kada a sayar wa masu neman gawayin girki, zaiba da kadmiyam da wani ɓangare na dalma suna bin hayaƙi, sauran su taru a toka. Kada a zuba shi a gona da sunan taki, duk da cewa gawayi zalla na gyara ƙasa. Kadmiyam na shiga amfanin gona cikin sauƙi. A lardin Toyama na Japan, ruwan kogin Jinzu da ya ɗauko kadmiyam daga mahaƙar Kamioka ya shiga gonakin shinkafa, mutane suka yi shekaru suna fama da ciwon ƙoda da karyewar ƙashi, cutar da ake kira itai-itai, wadda gwamnatin ƙasar ta amince a 1968 cewa gurɓatar ce sanadinta. Hanyar da ta dace ita ce a tsane shi, a haɗa da lakar tankin kwantarwa, a kwaɓa da siminti ya daskare, a yi gwajin tsiyaya don a ga ko ƙarfen na fita, sannan a miƙa wa wurin binne shara mai guba da hukuma ta amince da shi. In dalma ko tagullar da ke cikin lakar na da yawa, masana'antun narkar da ƙarfe masu lasisi kan karɓa. Kafin a kwashe, a ajiye shi a rufaffun durukan roba masu alama, a kan daɓen siminti, ƙarƙashin rufi inda ruwan sama ba zai taɓa shi ba, kuma a sa kuɗin wannan kwashewa cikin lissafin aikin tun kafin a sayi duro na farko.